Man-sik Bai Yi Asara Ba

Pyo Man-sik mai yankan makullai ne a wani ɗan shago a birnin Daegu. Duk Lahadi shi da abokansa huɗu sukan hau dutsen Palgong, kuma a can sama, suna cin naɗin shinkafar da ake kira kimbap, ya fara ba su labarin cinikin da ya gano a waya.

"Ba hannun jari kake saye ba," in ji shi. "Alkawari kake sayarwa. Ka ce kasuwa ba za ta faɗi ƙasa da kaza ba kafin Alhamis ta biyu ga wata. In ba ta faɗi ba, kuɗin mai saye ya zama naka."

"In ta faɗi fa, Yaya?" Ok Gi-tae ne ya tambaya, tsohon direban bas da bai daɗe da karɓar kuɗin sallama ba.

"Wata takwas ke nan ina ci. Kai dai tsoro ne ya hana ka arziki tun kana yaro."

Sauran suka yi dariya suka bar zancen. Gi-tae kuwa ya bi shi shago ran Litinin, Man-sik ya nuna masa duk inda ake dannawa.

Da damina ta yi nisa, likita ya ce sai an yi wa matar Man-sik aikin gwiwa. Ta kafa masa ƙahon zuƙa har ya kwashe kuɗinsa kaf daga kasuwar. Bai gaya wa kowa ba. Bayan duk cika bakin nan ya ce mace ta fitar da shi? In Gi-tae ya tambaye shi, sai ya ce, "Muna ciki."

Wata Litinin kasuwa ta rikito. Kafin azahar kamfanin dillalai ya cinye duk abin da Gi-tae ya ajiye, ya kuma turo saƙo cewa akwai cikon bashin kuɗi har won miliyan arba'in a kansa.

Kwana uku Man-sik bai iya kiransa ba. A na huɗu sai ga Gi-tae a ƙofar shago, ya rame, ɗauke da tukunyar romon ƙashi.

"Ka kai wa matarka, Yaya," ya ce. "Kai nake ta tunani. Ni ko ba komai 'ya'yana sun yi aure, kai ga mara lafiya a gida. Nawa ya tafi?"

Man-sik ya kashe injin yankan. Ƙarya ta zo masa bakin leɓe, mai sauƙi, wadda ba wanda zai taɓa ganowa. Ya dubi tukunyar.

"Ko won ɗaya. Na fita."

"Ka fita? Yaushe?"

"Sati uku ke nan."

Gi-tae ya yi lissafi da yatsu. "Sau uku muka hau dutse tare. A na biyun ka ce muna ciki, na koma gida na ƙara da kuɗin da matata ta tara."

"Kunya ce, Gi-tae. Ban san za ta faɗi ba. Bari a gama aikin gwiwa, abin da ya rage naka ne."

"Riƙe abinka. Yatsana ne ya danna, ba naka ba." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Da ka ce min ka yi asara, Yaya, da na samu wanda zan zauna da shi."

Bayan wata biyu Gi-tae ya sayar da gidansa, suka koma haya, ya kama aikin gadi a wani rukunin gidaje. Man-sik ya je can sau biyu da ambulan ɗin kuɗi a aljihu. Sau biyun Gi-tae ya fito daga ɗakin gadi, ya rusuna masa kamar yadda yake yi wa kowane baƙo, ya tambaye shi gida mai lamba nawa ya zo.