Ranar da aka Sauke Jahazin Bi Zuhura

Ƙarti shida ne suka cicciɓo tsohon injin dizal daga jahazin Bi Zuhura, jirgin ruwanta na katako, suka dire shi a yashin gaɓar tsibirin Lamu yana ɗigar baƙin mai. Shee Lali, makaniken da ya shekara ashirin yana lallaɓa injin nan, shi ya kwance notinsa na ƙarshe.

Wata ƙungiya ce ta bayar da injin lantarki da batura, ta haɗo da zanen wani injiniya daga Nairobi. Shee ya duba zanen sau ɗaya ya ninke. A zanen, an jibge baturan duka a bayan jirgin. Da an bi shi, igiyar ruwa ta farko a hanyar tsibirin Pate za ta cika jirgin. Mako bakwai ya yi a durƙushe a cikinsa. Ya dawo da nauyin tsakiya, ya gyara sandar farfela, ya kafa faya-fayen sola inda filafilai ba za su yi musu inuwa ba.

Ranar saukar da jirgin cikin ruwa, injiniyan ya iso cikin farin takalmi, da jami'ar ƙungiyar da mai ɗaukar hoto da wasu baƙi.

"Baba, ɗan matsa gefe," in ji jami'ar. "Rigarka duk mai ce, mu kuwa tsabta muke tallatawa."

"Man nan daga jirgin nan ya fito, 'yata. Ni na fitar da shi."

Ta yi murmushi, ta ci gaba da jera mutane.

Bi Zuhura ta matso. Tun rasuwar mijinta, da jirgin nan take ciyar da gida, kuma ƙungiyar ba ta miƙa mata takardun injin ba tukuna.

"Wai wurin zama ya cika a jirgin, Yaya Shee," ta ce, idonta a ƙasa. "Bari in haƙura ka hau."

"Ki haƙura da jirginki? Hau, kada ki ba su wannan ma."

Ta hau, shi kuwa ya tsaya a bakin ruwa. Matuƙin jirgin ya murza makunni. Jahazin ya ja baya, ya juya ba hayaƙi ba ruri, zamansa daidai a kan ruwa. Duk da ɓacin ransa Shee ya gyaɗa kai.

Da tsohon injin ne, da ba a ji komai ba. Amma yanzu muryar injiniyan ta ratso ruwan tar, yana yi wa baƙi bayani.

"Sirrin yana wurin raba nauyi. Na daɗe ina nazarinsa kafin in mayar da baturan tsakiya."

"Shi dattijon can fa?" wani ya tambaya.

"Ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukar kaya," in ji injiniyan.

Shee ya saurara ko zai ji muryar Bi Zuhura tana gyara maganar. Ya daɗe yana saurare, har jirgin ya sha kwanar itatuwan bakin teku.