Mai Riƙe wa Kambai Tiyo

Ina zaune a wani shagon shayi a unguwar Rusholme ta Manchester, ina mitar yadda suka tsinka shayin da ruwa, sai Celestina ta kira ni daga Birmingham. 'Yar abokina Kambai ce, tun tana rarrafe na san ta.

"Baba Salihu, Baba ya ƙi wanka, ya ƙi magani," in ji ta. "Da can mutum biyu ake turowa su kula da shi da safe. Tun da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihun nan sai aka mayar da su ɗaya, kuma matar tana shigowa yake korar ta. Likitansa ya ce in aka ci gaba a haka, sai dai gidan tsofaffi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya binne matarsa daga gidan nan nasa na unguwar Erdington a Birmingham, ya shuka yakuwa a bayansa duk da sanyin ƙasar nan ta Ingila, shi za a kwashe kamar tsohuwar kujera? Na san mantuwa ta kama shi, amma Kambai bai taɓa wulaƙanta mace ba. Washegari na hau bas.

A hanya na yi ta tuna farkonmu. Muna samari muka shiga sojan saman ƙasar nan, a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, aka sa mu cikin masu kula da jirage a ƙasa. Akwai wani ƙaton jirgin yaƙi fari da ake rataya wa makami mai linzami a ƙarƙashin cikinsa, tsawon makamin ya kusa na bas ɗin da nake ciki. Jirgin zai lula sama, tun yana nesa da inda aka nufa ya sake shi. Makamin ya ɗan faɗo tukuna, sannan injinsa ya kama, ya wuce da gudun da ya fi na sauti, jirgin kuma ya juyo gida. Alhamdulillahi ba a taɓa harba shi kan kowa ba.

Mu namu aikin shi ne ɗura masa mai. Man nan garau yake kamar ruwan famfo, amma in ya ɗiga a kan riga ko takalmin fata, wuta ce nan take. Saboda haka doka ce, mutum ɗaya ba ya kusantar makamin. Ɗaya na ɗurawa, ɗaya na tsaye a bayansa da tiyon ruwa a buɗe. Kambai ke ɗurawa, ni ke riƙe tiyo, kuma kullum sai ya ce hannuna na rawa. Ƙarya yake yi.

Na kwana a gidan, da safe Catherine ta zo, wato matar da ke kula da shi. Baiwar Allah mai haƙuri, ga gajiya a fuskarta, don gidaje da yawa ke jiran ta. Tana doso ƙofar ɗakin Kambai ya miƙe da ƙyar ya ɗaga tafin hannu.

"Tsaya nan," ya ce da Turancinmu na bariki. "Ina na biyunki? Kuma wa ya bar ki da wannan takalmin?"

"Ka gani ko, Baba?" Celestina ta ce da ni a hankali. "Kullum haka. Taurin kai ne kawai."

Na dubi ƙafar matar. Takalmin fata ne, baƙi. Na dubi yadda ya tsaya, ya kare ƙofar da jikinsa, ya ɗan karkata kafaɗa. Na ga wannan tsayuwar sau ba adadi a gindin jirgi. Tausayi ya kama ni.

"'Yata, ba korar ta yake yi ba," na ce. "Tsoro yake ji kada ta ƙone."

Na roƙi Catherine ta cire takalmin ta sa silifas ɗin roba na banɗaki. Ta dube ni kamar ni ma na fara taɓuwa, amma ta sa. Na shiga banɗakin na ciro kan shawa da tiyonsa, na buɗe ruwan, na tsaya a bayanta na gyara ƙafafu.

"Na biyu yana nan," na ce. "Ruwa a buɗe yake."

Kambai ya dubi ruwan, ya dubi silifas ɗin, ya sauke hannu. Ya bari aka cire masa riga. Aka yi wanka lafiya lau, ya haɗiye maganinsa, har ya gode wa Catherine ya ce aikinta da tsabta. Celestina ta koma kicin tana share ido.

Bayan matar ta tafi na zauna kusa da shi, na ce, "To Kambai, yau ma hannun nawa ya yi rawa?"

Ya daɗe yana kallona, cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Malam, ka iya aiki," ya ce. "Amma ni da wani yaro nake yi, Salihu. Ɗan siriri, mai baƙin surutu. In ka gan shi ka ce masa ya daina makara, ba na yarda da kowa a bayana sai shi."

Na ce zan faɗa masa.

Celestina ta biyo ni tsakar gida. "Baba, gobe fa? Ni ƙarfe shida nake fita aiki, kai kuma Manchester ba nan kusa ba."

Na ciro waya na kira matata Hajiya Kulu, na ce ta haɗa mini kaya ta ba wa mai zuwa Birmingham, da maganin hawan jinina da rigunan sanyi duka. Ta tambaye ni har zuwa yaushe.

Ta taga ina hango shi, ya juya kujerarsa tana fuskantar ƙofa, yana jiran yaron nan ya shigo.

"Ban sani ba, Hajiya," na ce. "Ki dai sa har da na bazara."