Farantan da Suka Ƙoshi

A wurin aiki Injiniya ake kiranta, a gida kuwa mai noman gishiri. Tsokanar ƙanenta ce, direban kamfanin. Gaskiyarsa: faranti na ƙarfe take tsomawa a ruwan magani har wani farin abu mai ƙyalli ya tsiro a kai, cike da ramukan da ido ba ya gani. Ramukan ne ke shanye iskar kabon daga hayaƙin injuna. Farantan da suka ƙoshi sai a jera su a sito mai sanyi, domin da sun ji zafi sukan amayar da abin da suka sha.

Ranar tun hantsi aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, na'urar sanyaya siton ta tsaya.

"Ki kwantar da hankalinki, yanzu za su kawo," in ji manaja, yana fifita da kwali.

Hankalin bai kwanta ba. Ta san halin iskar nan: ba launi, ba wari, ga nauyi, ƙasa take bi ta kwanta kamar ruwa, ta shaƙe duk mai numfashi. Da rana ta take, ta nufi siton. Kyankyasai ta fara gani a baranda, sun yi rigingine. Kyanwar maigadi na miƙe a bakin ƙofa, ko kunne ba ta kaɗa ba.

Ta miƙa hannu za ta ja ƙofar, sai idonta ya sauka a kan takalman ƙanenta, an jera su tsaf, yadda yake yi in zai shiga ya ɗan kishingiɗa.