Yadda Na Rufe wa Merv Ƙofa

Ni Clarrie Doolan, maciji ya sare ni, bijimi ya taka mini ƙirji, na taɓa wuni a kan bishiya ambaliya tana lasar ƙafata. Duk ban mutu ba. Amma don kawai na zame a banɗaki bara, sai 'yata Raelene ta ce na tsufa. Wai in bar gidana na Gidgee Creek in koma gidan tsofaffi a Longreach, inda ake ba namiji shayi a kofin roba, ana tambayarsa ko ya zaga yau.

A lokacin ana shirin hawan keke na daji, wanda ake yi duk shekara don tara gudummawa wa jirgin saman da ke kai likita ƙauyuka. Raelene ce ma'aikaciyar jinyarsu. Na ce zan shiga.

Ta ce, "Baba, da wane keken? Wannan da kaji ke ƙwai a kwandonsa?"

"Shi fa. Na nemi izinin kajin."

"To, ji nan. In ka kai Rijiyar Mulga, inda ake ƙare hawan, a kan kekenka, na bar maganar Longreach har abada. In motar kwasa ta cim maka, ka haɗa kayanka."

Muka tafa a mashaya, gaban shaidu, kodayake rabinsu ba su tuna ba washegari.

Motar kwasa ita ce ke bin bayan kowa tana ɗaukar waɗanda suka gaza. Direbanta kuwa Merv Pascoe, wanda muke zagin juna tun muna samari muna kiwon shanu a gona ɗaya, a kan wani kare da yake cewa nasa ne. Tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, gwiwarsa ta hagu kuma ta daɗe da yin ritaya.

Da safe mutanen birni suka jeru cikin matsattsun kaya, ka ce an ɗura tsiran nama a safa. Wani likitan haƙora daga Brisbane ya dubi wandon aikina da hular kaina ya ce, "Dattijo, ka shafa man hana gurjewa kuwa?"

Na ce, "Ɗan nan, gindin da ya girma a kan sirdi bai san mai ba."

Aka busa usur. Kafin in gama gyara zama sun ɓace, sai ƙura. Na bar su, don ba na son in karya wa yara gwiwa tun da farar safiya.

Hanyar nan kun san ta. In ba yashi ba, to gargada ce mai kaɗa wa mutum haƙora, ni kuwa nawa na cirewa ne, sai na zare su na sa aljihu. Ƙudaje suka yi mini rakiya. Da rana ta ɗaga na fara jin gurnanin inji a bayana, sannan muryar Merv ta fito ta taga.

"Clarrie! An ce ɗakinka na Longreach yana kallon wurin ajiye motoci! Na sa a yi maka shimfiɗa!"

Ban tanka ba. Ba wai numfashi ya ƙare mini ba, raini ne kawai.

Sai ga ƙofar shinge ta farko, irin ta waya da sanda. Masu shiri sun bi da sassafe sun buɗe ƙofofin duka, a kan cewa na ƙarshe zai rufe, kamar yadda kowa ya sani tun yana rarrafe. Na tsaya na yi tunani. Ni ban yi makaranta ba, amma na san na ƙarshe a mahaya ni ne. Merv ba mahayi ba ne, kaya ne. Na sauka na ja wayar nan, na murɗa sandar irin murɗin ubana, wanda sai mutum ya sa ƙirji kafin ta saki.

Na hau na tafi ina waige. Merv ya tsaya, ya gangaro da ƙyar, ya yi kokawa da sanda, ya hau, ya wuce, ya sake tsayawa. Abin da na dogara da shi ke nan. Da ɗan birni ne, da ya bar ta a buɗe ya bi ni. Merv kuwa a daji aka haife shi, ko gidansa ke cin wuta ba zai bar ƙofar mutane a buɗe shanu su gauraya ba. Dole ya sake sauka ya rufe.

A ƙofa ta gaba ina murɗawa ya iso kusa har ina ganin jijiyar wuyansa.

"Kai tsohon banza! Aikina ne wannan!"

"Taimaka maka nake, Merv! Likita ya ce ka motsa jiki!"

"Zan motsa maka naka in na kama ka!"

Haka muka yi ta yi har la'asar. Ni sauka ɗaya, shi biyu. A wata ƙofar ma na ƙara masa da igiyar takalmina.

To, an zo wurin da ban shirya masa ba. Shingen ƙarshe kafin Rijiyar Mulga ba ƙofa a hanyarsa. Ramin nan ne mai ƙarafa a shimfiɗe, wanda mota ke bi ta kai amma saniya ba ta iya takawa. Babu abin rufewa. Ina hango tantuna da hayaƙin gashin nama, amma da sauran tafiya, ƙafafuna kuwa sun fara yi mini gardama. Na tura keken na haye ƙarafan. Injin Merv na huci a ƙeyata, har zafinsa nake ji. Na tuna karnukana, da kujerata ta baranda, da kabarin Dulcie matata a ƙarƙashin bishiyar bayan gida. Na taka, keken ya yi kamar ana riƙe shi.

Sai na ji motar ta kauce. Na waiga. Merv ya saki hanya ya nufi ƙofar gefe, wadda ake kora dabbobi ta cikinta. Ya sauka yana ɗingishi.

Ya ɗaga murya ya ce, "Motar ta yi wa ƙarafan nan nauyi! Me kake kallo, jaki? Taka mana!"

Motar da ba komai cikinta sai jarkar ruwa da tumbinsa. Ya buɗe, ya wuce, ya sauka, ya rufe, har da tsayawa yana duba wayar sama da ƙasa kamar zai saya.

Na shiga Rijiyar Mulga ana tafi. Mutum biyu suka ɗauke ni daga kan keken, na ƙyale su don su ma su samu abin faɗa a gida. Raelene ta kama wuyan hannuna tana duba agogo, idonta ya yi ja, wai ƙura ce.

Ta ce, "Baba, sa haƙoranka, mutane na ɗaukar hoto." Sannan ta juya ga Merv da ya iso yana gumi. "Kawu Merv, ina ka tsaya?"

"Tambayi ubanki, ɗan iskan tsoho."

Ta dube shi, ta dube ni, ta saki hannuna. "Shi ke nan. Zauna a kangonka."

A tsaye na ci naman daren nan, a tsaye kuma na yi kusan komai har ƙarshen mako, don ra'ayin kaina. Ina nan Gidgee Creek. Merv yakan zo ran Lahadi ya shanye mini giya, yana rantsuwa motar ce ta yi nauyi. Ni ma na yarda da shi, don mutumin bai taɓa iya tuƙi ba.