Ƙyale ko Toshe

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Mai Agogo, duniyarsa ta koma ɗaki guda a saman bene, a gidan autarsa. Gado, kujera mai hannu, taga mai kallon bayan wani shagon walda, sai tebur da kwamfuta. Hannun daman da ya yi shekaru yana tsintar ƙusoshin agogo ƙanana kamar yashi, yanzu yana kwance a cinyarsa, ko motsi ba ya yi. Harshe ma ya yi nauyi. In ya kira mutum a waya, sai a yi ta "Na'am? Me ka ce?" har ya gaji ya kashe. Shi ya sa imel ya zama bakinsa. Da yatsa ɗaya na hagu yake dannawa, harafi bayan harafi, kuma a rubuce ba mai ce masa ya maimaita.

Auta ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta barin aikin a asibiti, tafe take da shi har gida. Gishiri, an hana. Matakalar bene, an hana. Buɗe taga ma sai an duba yanayi. Ba mugunta ba ce, shi ma ya sani. So ne, amma irin mai shaƙe wuya. Ko kwamfutar ba ta tsira ba. Tun ranar da 'yan damfara suka turo masa wani saƙo ya danna, na'urar ta cika da tarkace, Auta ta sa mata manhajar tsaro, ta kulle da kalmar sirrin da ita kaɗai ta sani, sannan ta kafa doka: "Baba, duk abin da ya faɗo a allon nan yana tambayarka, ka danna Toshe. Kar ma ka tsaya karantawa."

Shi kuwa mutum ne mai bin ƙa'ida, sana'arsa ta koya masa haka. Da safiyar nan manhajar tsaron ta sabunta kanta, ta jefo masa tambaya da maɓallai biyu, Ƙyale da Toshe. Ya danna Toshe. Sai da akwatin tambayar ya ɓace ya tuna kamar ya ga hoton ambulan a jikinsa, amma bai kawo komai a ransa ba.

Ya zauna ya rubuta saƙon da ya daɗe yana juyawa a zuci, zuwa ga ƙaninsa da ke can garinsu yana riƙe da tsohon gidansu. A kan saƙon ya sa: Ka zo ka ɗauke ni. A ciki ya ce gidan nan ya ishe shi, yana so ya ƙarasa kwanakinsa a ƙasa, inda zai taka bakin ƙofa da ƙafarsa ya ga mutane suna wucewa. Rubutun ya cinye masa safiyar kaf. Ya danna aikawa.

Saƙon bai tafi ba. Ya maƙale a akwatin saƙonni masu fita, da jan rubutu a ƙasansa wai an kasa haɗuwa. Ya sake dannawa. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya sunkuya da ƙyar ya girgiza wayar da ke bayanta, har ya kusa kifowa daga kujera. Intanet lafiya lau, shafin labarai na buɗewa. Imel ɗin ne kaɗai aka ɗaure wa baki, kuma da yatsansa aka ɗaure. Ya lalubo manhajar tsaron, ta ce kawo kalmar sirri. Ya gwada sunan marigayiya matarsa. Ya gwada ranar haihuwar Auta. Sai manhajar ta ce ya yi kuskure da yawa, ya jira. Kai, wannan rayuwa! Har na'ura ta koyi ce masa ya jira.

Ya jingina, ransa a ɓace. Hanya ɗaya ce ta rage, Auta. In kuwa ta zauna gyara, idonta zai sauka a kan saƙon, don shi kaɗai ne a akwatin. Ya kai yatsa kan maɓallin gogewa. Gogewa ba wuya. Amma ya san kansa: in ya goge yau, ba zai sake samun ƙarfin zuciyar rubutawa ba, nan zai zauna yana kallon tartsatsin walda har ranar da za a sauko da shi a ɗauke. Ya janye yatsan.

Da yamma ya ji takunta a matakala. Ta shigo da kayan aiki a jikinta, duk ta gaji.

"Baba, sannu da gida. Ka sha maganin rana?"

Ya gyaɗa kai, ya nuna allon. "Ya... ƙi... tafiya."

"Me kuma ka taɓa?" Ta ja kujera tana dariya. "Kai da kwamfutar nan sai Allah."

"To...she."

"Au! Imel ɗin ka toshe? To ai ba laifinka, ni na ce ka riƙa dannawa."

Ta buga kalmar sirrin, ta buɗe jerin abubuwan da manhajar tsaron ta hana fita, ta samo imel ɗin ta cire shi daga ciki. Sannan ta koma akwatin masu fita don ta gwada. Nan hannunta ya tsaya. Mai Agogo ya kafa wa hannunsa matacce ido. Kunya ta rufe shi, tsoro ma haka, ya ji dama ƙasa ta tsage ya shige.

Ta karanta har ƙarshe. Ba ta juyo ba.

"Baffa ka rubuta wa?"

"Eh."

"Wani abu na yi maka, Baba?"

Ya girgiza kai. Maganar tana nan cike da bakinsa, harshen ya ƙi ɗauka. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ƙasa... nake so."

"Can ba mai auna maka jini. Baffa ko nasa maganin mantawa yake."

Ta danna aikawa, sai manhajar tsaron ta sake jefo tambayar nan ta safe, da hoton ambulan da maɓallai biyu. Ya ga kibiyar maus, linzamin kwamfutar, tana kai-komo a tsakaninsu. Ita ce da kalmar sirri, ita ce da makullin ƙofa. In ta danna Toshe, magana ta ƙare, gobe ma a kawo masa abinci ba gishiri.

Sai ta ɗaga hannunta. Ta turo maus ɗin a hankali har ƙarƙashin hannunsa na hagu.

"Wannan kai za ka danna, Baba. Amma ka karanta tukuna."

Ya karanta, kalma bayan kalma, yadda a da yake duba cikin agogo. Ya danna Ƙyale. Jan rubutun ya ɓace, akwatin ya koma wayam.

Auta ta miƙe, ta gyara masa matashin kujera kamar kullum, ta fita ba ta ja ƙofar ba. Ya samu abin da yake so, amma daɗin ya ƙi zama. Yana nan zaune ya ji ta buɗe famfon kicin, ruwa yana ta zuba, yana ta zuba, kuma ya san ba wanke-wanke take yi ba.