Sunan Ɗan Fari

Tun da bazara Malam Kalli, ma'aikacin agaji, ya bi ƙauyukan bakin kogi da takardunsa yana gaya wa mutane bana ruwa zai yi ɓarna. Wai an zauna an ƙiyasta komai, gidajen da za su faɗi, shinkafar da za ta nutse, har awaki ba a bari ba. Mutane suka ce Allah ya sawwaƙe, suka ci gaba da shukarsu. To ina za su?

Ruwan kuwa bai ba shi kunya ba. Ga shi yau ya kafa tebur a makarantar firamaren da aka tara jama'a a Gashua, yana rubuta abin da kowa ya rasa.

Kwanan Inna Shuhada biyu a nan, ba ci, ba kuka, tana zaune kamar an dasa ta. An kwashi mutanen ƙauyensu an yi Nguru da su, ita kaɗai mota ta yo nan da ita cikin baƙin ido. Ɗanta masunci ne, magidanci. Shi ya fito da ita a kwalekwale ya koma ɗauko wasu, tun daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Da layi ya zo kanta, Malam Kalli ya ce, "Inna, me kika rasa?"

"Ɗaki biyu. Rumbu. Awaki huɗu." Ta lissafa su kamar kayan wani.

"Mutum fa?"

"Akwai wannan."

"Wanne?"

"Wannan ɗin dai. Babban."

"Sunansa?"

Nan fa ake yin ta. Ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗaya bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ko da wasa. In tana nemansa sai ta ce "kai", ko ta aiki wani ya kira shi. Matan ƙauye har yabonta suke yi, suna cewa kai, Shuhada akwai kunya!

Malam Kalli ya ajiye biro. "Inna, na gane, tawa uwar ma haka take. Amma mutum ya fi dubu a sansanin Nguru. Ina da abokin aiki can mai lasifika, in na ba shi suna zai kira, mu ji ko yana cikinsu. 'Wannan' kuwa ba wanda zai amsa."

Ta waiwaya ko za ta ga wanda zai faɗa mata shi. Babu fuska ɗaya da ta sani. Na bayanta sun fara tsaki, rana na dukansu. Ita ko kunyar ma ba ta ji ba, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan. Ba ta jin komai.

"Ridwanu," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Malam Kalli ya buga waya, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Suka ji lasifikar Nguru ta kira sunan sau uku. Bayan haka sai hayaniya da kukan jarirai. Can mutumin ya dawo ya ce babu.

"Sai haƙuri, Inna. Zan sa shi cikin waɗanda ake nema."

Ta miƙa hannu. Bai gane ba, sai da ta nuna wayar.

"Ka ce ya kanga ta a bakin abin nan nasa."

Aka kanga wayar can a bakin lasifikar. Tsohuwar nan ta riƙe waya da hannu biyu, ta ɗaga murya a gaban maza da mata, ta kira ɗanta da sunansa na yanka. Masu tsaki suka daina. Wallahi har wata mata ta sunkuyar da kai. Aka jira. Daga Nguru ba abin da ya zo sai hayaniya.

Malam Kalli ya miƙo hannu zai karɓi wayarsa. Ba ta sake ta ba.

"Bai saba ji a bakina ba," ta ce. "Bari in sake."