Bandir ɗin Baba Abdussalami

Babana, Abdussalami, mutum ne mai ban haushi in ana maganar yadi. Ko rigar Sallah ka sa, sai ya kama gefenta ya murza da yatsu biyu, ya taɓe baki. "Wagga roba ta, ya zol. Ba auduga ba." Zol, wato mutum, haka ake kiran kowa a nan Sudan.

Ƙuruciyarsa duk a masaƙar Hasahisa ta ƙare. Kullum ya bar ƙauyenmu a keke, ya bi bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Yakan ce a lokacin in aka busa jiniyar tashi, titi cika yake da ma'aikata daga ko'ina a Sudan, masu shayi da masu wake suna ciniki har su gaji. Ni dai ban tarar da wannan garin ba. Na tarar da ƙofar masaƙar a garƙame da awaki a harabar.

Da masaƙa ta tsaya, abin da ya dawo da shi gida bandir guda ne na farin yadi, saƙar injinsa. Kamar sauran tsofaffinmu, ya ajiye shi likkafani. Duk shekara sai ya shanya shi, ya ce mini, "Najwa ɗiyata, cikin wanga za ku sa ni. Audugar Jazira, aikin hannuna. Halas."

Sai yaƙi ya zo. Kasuwar Hasahisa ta watse, masu hali suka gudu, ko ƙyalle babu na saye. Amma mutuwa ba ta rufe shagonta ba. Da maƙwabcinmu Uzairu ya rasu, 'ya'yansa suka zo suka tsuguna a ƙofarmu, don ba su da likkafani. Baba ya ɗauko almakashi.

Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye almakashin a cikin buhun dawa. Ya yaga da haƙori. "Mi kike so in ce musu? Su sa shi cikin buhu?"

Haka bandir ya yi ta ƙanƙancewa, gawa bayan gawa, har ya rage daidai tsawonsa. Nan ya rantse ya gama. Sannan amai da gudawa suka ɗauke Sara, jikarsa, 'yata. Ban roƙe shi ba. Shi ya miƙo da kansa, bai dube ni ba.

Bai kai damina ba ya bi ta. Na zaga ƙauyen gida gida, ba wanda ya rage da fari. Sai na sauke labulen ɗakina, mai furanni shuɗaye, na wanke.

Kafin in miƙa wa masu wanka, na ga hannuna ya kama gefensa yana murzawa da yatsu biyu. Roba ce.